Darasi na 9: Gano Inda Ruwan Lagireto Yake Zuba

Da wuya ka leƙa bayan motar haya a tashar Yelwa ka rasa jarkar ruwa. Direban da zai kama hanyar Koko zuwa Jega, da mai nufar Kontagora, da mai gangarawa Wara, kowannensu kafin lodi sai ya ɗaga bonet ya tuttula ruwa a lagireto. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Ai tana ɗan shan ruwa." Yadda ake faɗin maganar sai ka ce da wannan hali aka ƙero motar. Ba haka ba ne. Inji yana ƙona fetur, yana iya rage baƙin mai kaɗan, amma ruwansa a kulle yake, zagayawa kawai yake yi. Mota mai lafiya takan yi watanni ba a ƙara mata ko kofi ɗaya ba. Duk ruwan da ya ragu akwai ƙofar da ya bi ya fita. A wannan darasi za mu koyi gano ƙofar, muna farawa da binciken da ba ya cin ko sisi, kafin mu kai ga wanda sai an kwance inji.

Mu mutanen ƙasar Yauri muna da dalilinmu na yin sakaci da wannan matsala. Ruwa bai taɓa yi mana wuya ba. Kogin Kwara yana gefenmu, kuma tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafkin ya miƙo har gindin Yelwa. Direban hanyar Agadas yana lissafin kowace lita, namu kuwa ko'ina ya tsaya zai samu inda zai ɗiba. Sai dai duk mai kwale-kwale ya san in jirgi yana shan ruwa, kwarfewa gaci kawai za ta kai ka. In an isa sai a jawo shi tudu a nemi tsagar a toshe. Ƙarin ruwan da direba yake yi kowace safiya kwarfewa ce, tsagar tana nan.

Yadda ruwan yake zagayawa

Cikin ƙarfin man da inji ya ƙona, kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai yake kaiwa ga juya taya. Wani kashin yana fita ta salansa, sauran zafin kuma ruwa ne yake kwashe shi. Ruwan yana bin hanyoyin da aka bari a cikin jikin inji da kan silinda, wanda kanikawa suke kira tof. Famfon ruwa, da fambel ko bel ɗin tayimin yake juyawa, shi ke tura shi. Ruwan zafi ya bi tiyon sama ya shiga lagireto, ya ratsa siraran bututu, iskar tafiya da ta fanka su huce shi, ya dawo inji ta tiyon ƙasa. A tsakani akwai tamostat, wanda yake tare ruwan har sai inji ya yi ɗumi, sannan ya buɗe, a mafi yawan motoci tsakanin digiri 82 zuwa 90. Ƙaramar mota takan ɗauki lita 5 zuwa 7.

Abin da aka fi rainawa a duk tsarin shi ne murfin lagireto, alhali aikinsa ya wuce hana ruwa fantsama. Ruwa a buɗaɗɗen wuri yana tafasa a digiri 100. In aka kulle shi cikin matsi, ba zai tafasa ba sai zafi ya haura haka. Dubi saman murfin, za ka ga an buga 0.9 ko 1.1. Wannan shi ne yawan matsin da murfin yake iya riƙewa, a ma'aunin da ake kira bar. Da irin wannan matsi, tsurar ruwa ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120, in kuma an gauraya shi rabi da rabi da kulant, wato ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan, sai ya haura 125. Wannan tazara ita ke ceton mota a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yelwa yake taɓa digiri 40, ga lodin albasa ko shinkafa ya danne ta.

Bawul biyu ne a cikin murfin. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, kimanin kashi 4 cikin 100, wato a lita 6 za a samu ƙarin kusan kwatan lita. Babban bawul mai sifirin yana buɗewa ya bar wannan ƙari ya bi siririn tiyo zuwa robar ajiya da ke gefe. In inji ya huce, ruwan ya tsuke, sai ƙaramin bawul ya buɗe a zuƙo shi ya dawo. Saboda haka ruwan roba ya hau da rana ya sauka da asuba ba ciwo ba ne. Motoci irin su Golf da Sharon ba su da murfi a kan lagireton, murfin mai matsi yana kan robar ne, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Kafin ka taɓa komai

Kada ka buɗe murfi inji yana da zafi. Ruwan da ke ciki yana iya haura digiri 100 bai tafasa ba, matsi ne ya danne shi. Kana sassauta murfin zai tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri ya wanke maka fuska da ƙirji. Yaran mota da yawa suna ɗauke da tabon wannan. Jira aƙalla rabin awa, ka matsa tiyon sama da tsumma. In ya yi tauri, da sauran matsi. In ya yi laushi, ɗora tsumma mai kauri a murfin, ka murɗa rabi, ka bar iskar ta gama fita. Wanda ya ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin kamar minti 20, kada a shafa manja ko man goge baki ko ƙwai, a wuce asibiti.

Fankar lantarki tana iya tashi da kanta ko an kashe mota, don haka a janye hannu da hannun riga daga kusa da ita. Kulant kuma guba ne. Yana da zaƙi-zaƙi, shi ya sa akuya da kare da yaro ƙarami suke lasa, kuma kaɗan ya isa ya lalata ƙoda. Kada a ajiye shi a gorar lemo, kada a zubar da shi a kwata mai gangarawa tafki inda ake su.

Fara da awo

Kafin neman yoyo, tabbatar da yawan abin da ake rasawa. Da asuba, mota tana tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri, inji da sanyi, cika lagireto har wuya, ka sa ruwan roba tsakanin layin ƙasa da na sama. Yi alama da maka ko ɗan salatif daidai inda ruwan ya tsaya. Yi aikinka na yini. Washegari a daidai wannan lokaci ka sake dubawa, kuma ka duba wuri biyun, domin roba tana iya zama cike alhali lagireto ya yi ƙasa. In za ka ƙara, auna da gorar da ka san girmanta, ka rubuta.

Kada ka raina ɗigo. Kusan ɗigo 20 ne suke yin mililita ɗaya. Yoyon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa zai zubar da mililita 180 a awa, wato cikin awa shida na tuƙi an rasa fiye da lita ɗaya. Kuma kada ka dogara da allurar zafi ta dashbod ita kaɗai. Abin da ke aika mata labari sai yana nutse cikin ruwa yake faɗin gaskiya. In ruwa ya yi ƙasa da shi, allurar tana iya komawa daidai ko ma ta faɗi, inji kuwa yana can yana toyewa.

A daren da ka yi alamar, shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji. Da safe wurin da ya jiƙe zai nuna maka ɓangaren da za ka fara dubawa. Ruwa garau marar wari da ke ɗiga ta ɓangaren fasinja bayan an yi amfani da na'urar sanyaya mota, wannan raɓar na'urar ce, ba na lagireto ba ne. Kulant yana da launi, kore ko ja ko ruwan hoda ko shuɗi, yana da santsi a yatsa da ƙanshi mai zaƙi. In tsurar ruwa ake zubawa, za ka ga jan ruwan tsatsa.

Ƙofa ta farko: yoyon waje

Mafi yawan ruwan da ake rasawa ta nan yake fita, kuma nan ne gyara ya fi araha. Wanke injin tukuna, domin ƙurar hanyoyin Shanga da Ngaski in ta haɗu da maiƙo ba abin da za ka gani. Bar shi ya bushe, ka ɗauki tocila, ko da rana ce. Ruwa ƙasa yake bi, iskar fanka kuma baya take kora shi, don haka inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne ramin ba. Bi sawun jiƙar zuwa sama da gaba har inda ta ƙare. Yoyon da yake bushewa kafin ya kai ƙasa yana barin shaida: farin gari ko busasshen ɓawo mai launin kulant, ko jan zane na tsatsa.

Fara da tiyo da kilif. Matsa kowane tiyo, musamman dab da bakinsa. Wanda ya kumbura, ko ya yi laɓo-laɓo, ko ya ƙandare yana tsattsagewa, ya gama aiki. Tiyon da baƙin mai yake ɗiga a kansa ba ya daɗewa. Wayar da ake murɗawa a madadin kilif yanka robar take yi a hankali. Akwai kuma yoyon da ba ya bayyana sai da sanyin asuba, lokacin da ƙarfe ya tsuke kilif ya saki, da inji ya ɗumama sai ya ɗauke. In tiyon sama yana yawan tsagewa a wuri ɗaya, duba robobin da injin yake zaune a kansu. In sun tsinke, duk ramin da aka faɗa inji yana fizgar tiyon.

Sai lagireton kansa. Na tsofaffin motoci irin Fijo 504 na tagulla ne, ana like shi da dalma ya koma aiki. Na motocin yanzu, 'yan Kwatano da sauransu, cikinsa alminiyam ne, tankunansa na roba, an danne su da ƙananan haƙoran ƙarfe a kan wani zoben roba. Nan ne yake fara naso. Bi layin haƙoran da tocila, ka duba wuyan da murfi yake zama da gindin bakin tiyon sama, inda zafi ya fi dukan robar. Tankin da ya koɗe ya koma ruwan ƙasa ya gasu, tsagewa kawai yake jira. Duba fuskar da ke kallon fanka. Motar da aka shiga kududdufi da ita da gudu, ruwa yana iya lanƙwasa fukafukan fanka su karci bututun, abin da ya zama ruwan dare a hanyoyin ƙauye da damina.

Famfon ruwa yana da ɗan rami a ƙasansa wanda da gangan aka yi shi. In robar da ke tare ruwa a ciki ta fara mutuwa, ta ramin ruwan yake fitowa don a gani. Ɗan busasshen tabo ba komai, amma ɗiga ko jiƙa sabuwa na nufin a canza famfon. Toshe ramin ba gyara ba ne, tura ruwan cikin boris ne. Inji a kashe, kama fulin famfon ka girgiza. In yana wasa ko yana gurnani lokacin aiki, ya kusa tsayawa. A injin da bel ɗin tayimin yake juya famfon, ruwan yakan fito ta ƙasan murfin bel ɗin.

Sauran wuraren sun fi ɓuya. Akwai gidan tamostat, da ƙananan murafan ƙarfe da aka toshe ramukan jikin inji da su, waɗanda tsatsa take hudawa daga ciki, wasunsu ma a bayan inji suke kusa da giyabos. Masu Golf su riƙa duba mahaɗar roba da ke manne a gefen tof, ta shahara wajen tsagewa. Sannan hita. Motocin da aka ƙera don ƙasashen sanyi suna da ɗan ƙaramin lagireto a cikin dashbod, kuma ko ba ka taɓa kunna shi ba, a motoci da yawa ruwa yana ratsa shi. In ya huje za ka ji ƙanshin kulant a cikin mota, kafet ɗin gaba ya jiƙe, gilashi ya riƙa yin hazo mai maiƙo. A yanayinmu, haɗe tiyonsa biyu a kewaye shi gyara ne da ba laifi.

In ido ya gaza, sai gwajin matsi. Akwai famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a mazaunin murfi, inji da sanyi, a buga iska har adadin da ke rubuce a murfin, a jira minti 10 zuwa 15. In allurar ta tsaya cak, tsarin a kulle yake. In tana sauka, bi da tocila, ramin zai tona kansa. Kada a wuce adadin murfin, kuma kada a kuskura a sa injin iskar mai faci. Murfi mai 0.9 daidai yake da 13 a agogon mai faci, mai 1.1 kuma 16, taya kuwa ana ba ta 30 ko fiye. Wannan iska za ta fasa abin da yake da lafiyarsa. A ganina, duk garejin da ke karɓar aikin inji bai mallaki wannan famfo ba, lalube yake yi da kuɗin mutane. Kanikawa uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su saya.

Ƙofa ta biyu: ruwan da aka kora ta murfi

Wani lokaci babu rami ko ɗaya, ruwan ta hanyar da aka tanadar masa yake fita, sai dai fiye da ƙima. Alamarsa jiƙa ko tabo a kewayen robar ajiya da bakin tiyon da ke zubar da rara. A ɗauka ga direban da ke jigilar busasshen kifi daga Wara ya shigo gareji.

"Oga, an ce mini gasket ne. Kullum sai na ƙara gora biyu."

"Sannu, Malam. Kafin mu kai can, miƙo mini murfin nan. Yaushe rabonka da canza shi?"

"Da shi na sayi motar."

Maigidan garejin ya juya murfin, robar ta tsage, sifirin ya saki. Murfin da ba ya riƙe matsi yana barin ruwa ya tafasa tun a wajen digiri 100, ya fice a tururi, ƙasa kuma a bushe. Ana iya gwada murfi da famfon gwajin matsi, in babu sai a sa sabo mai lamba iri ɗaya a sake awo na kwana biyu. Kuɗinsa ba shi da yawa, kwance tof kuwa aikin dubbai ne masu yawa. In ƙaramin bawul ne ya maƙale, tiyon sama zai shafe in inji ya huce. In siririn tiyon roba ne ya tsage, iska za a zuƙo maimakon ruwa, roba ta cika, lagireto ya yi ƙasa.

Ruwa ba ya tsami banza. In murfi lafiya lau amma mota tana aman ruwa, wani abu ne yake sa ta ɗaukar zafi. Duba ko fanka tana tashi, ko fambel ya saki, ko tamostat ya maƙale a rufe. Leƙa fuskar lagireto: laka, ƙaiƙayin shinkafa lokacin girbi, da ƙwarin da ke bin fitila da dare a bakin ruwa suna toshe ta. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Bayan inji ya yi zafi an kashe shi, shafa fuskar lagireton a hankali. Inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin a toshe suke.

Al'adar cire tamostat da yi wa fanka dairek ta zama kamar doka a garejinmu. Ba ta toshe yoyo, ɓoye ciwo take yi. Injin da ba ya kai zafin aikinsa ya fi shan mai, kuma a wasu injunan tamostat ne yake rufe gajeriyar hanyar da ke kewaye lagireto, in an cire shi sai wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa bai huce ba.

Ƙofa ta uku: cikin inji

In waje a bushe yake, murfi sabo ne, famfon gwaji kuma yana nuna matsi yana sauka, to ruwan ciki yake shiga. Tsakanin tof da jikin inji akwai gasket, wanda ya raba abu uku: wutar silinda, ruwa, da baƙin mai. In ya ƙone, ko tof ya lanƙwashe ko ya tsage, biyu daga cikinsu za su haɗu. Alamar ta danganta da waɗanne biyun.

In ruwa ya shiga silinda, farin hayaƙi mai kauri zai riƙa fita ta salansa ko bayan inji ya ɗumama, da ƙanshin kulant in da shi a ciki. Bambanta shi da tururin sanyin hunturu, wanda yake ɓacewa cikin 'yan mintoci. Da safe motar takan tashi da kakkarwa na ɗan lokaci sannan ta daidaita. Kwance fulogogi ka jera su. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa suna da toka, silindarsa ce take shan ruwa.

In wutar silinda ce take kutsawa cikin ruwa, tiyon sama zai yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu da tayar da inji mai sanyi, tun ruwa bai yi ɗumi ba. Gwada haka: inji da sanyi, cire murfi, cika ruwa, tayar. Kumfa kaɗan ta farko iskar da ta maƙale ce. Kumfar da ba ta yankewa, tana ƙaruwa in an taka totur, hayaƙi ne. Wasu sukan toshe siririn tiyo su ɗaura balan-balan a wuyan lagireto su ga ko za ta kumbura nan take. Gwajin da ya fi tabbas shi ne na wani shuɗin ruwa da ake sawa a bututun gilashi a kan wuyan. In hayaƙin inji ya ratsa shi sai ya koma ruwan ɗorawa.

In ruwa da baƙin mai ne suka haɗu, sandar auna mai za ta fito da abu mai launin shayi da madara, man kuma ya haura alamarsa. Kashe injin nan take, domin irin wannan mai ba ya kare metal, kuma daga nan sai inji ya buga. Amma 'yar farar kumfa a ƙarƙashin murfin mai ita kaɗai ba hujja ba ce, motar da ba ta doguwar tafiya takan tara raɓa a wurin. A mota mai giyar otomatik akwai bututun huce man giya a cikin tankin lagireto. In ya huje za ka ga man giya a ruwa ko ruwa a man giya, gasket kuwa ba ruwansa.

Kada a yanke wa gasket hukunci da alama ɗaya, a nemi biyu ko uku su haɗu. In an kwance, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof a auna. A injuna da yawa lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, abin da ido ba ya gani. In ta wuce sai an kai an goge. A ɗaure kusoshi bisa tsari da ma'aunin da kamfani ya bayar. Kuma a nemo abin da ya sa injin ya yi zafi tun farko, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma bin sawun tsohon zai yi.

Ruwan da ake zubawa, da dabarun kan hanya

Masunta sun san Kwara tana kawo ruwa iri biyu. Farin ruwa na damina, daga wajen Agusta zuwa Oktoba, cike yake da laka. Baƙin ruwa, wanda ya taso daga tsaunukan Gini ya sauke lakarsa a fadamun Mali, yana isowa cikin hunturu garau. Na farko yana toshe bututun lagireto yana cinye robar famfo. Na biyu ya fi shi tsabta, amma shi ma ba ya hana tsatsa. Ruwan rijiya da na burtsatse kuma sukan bar farin ɓawon nan da ake gani a gindin butar mai shayi. Wato ruwan da ake ƙarawa saboda yoyo ɗaya shi yake haƙa na biyu.

Kulant ba don ƙanƙarar Turai kawai aka yi shi ba, yana ɗauke da maganin tsatsa. A karanta jikin galan: wani an riga an gauraya, wani sai an haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa. In za a sayi tataccen ruwa wurin mai cajin batir, a tabbatar ba mai asid ba ne. Kada a gauraya kulant iri biyu don launinsu ya zo ɗaya, a bi abin da littafin motar ya ce.

In ruwa ya ƙare a daji, kowane ruwa mai tsabta ya fi babu. A jira inji ya huce tukuna, domin ruwan sanyi a kan tof mai zafi yana iya tsaga shi. A zuba a hankali, in an isa gari a juye a wanke. Sabulu a kan tsaga, ko gam mai haɗi biyu a kan busasshen tanki, suna iya kai ka Yelwa. Ɗanyen ƙwai da garin barkono da wasu ke zubawa a ciki kuwa ba su san ramin yoyo daga bututun lagireto ba, duka suke toshewa. Bayan kowane gyara a fitar da iskar da ta maƙale, a bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi, a bari ya huce, a cika, a sake yin alama a roba.

Aikin yi

1. Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya samu mota ɗaya da izinin mai ita, ya yi awon asuba da gwajin kwali na kwana uku, ya rubuto lambar da ke kan murfin da yawan ruwan da aka ƙara.

2. Tiyo yana ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa biyu. Mililita nawa za a rasa a tuƙin awa takwas?

3. Direba ya taso daga Shanga, ya ce robar ajiya a cike take kullum, amma duk safiya lagireto yana ƙasa, kuma tiyon sama yana shafewa in inji ya huce. Me za ka fara dubawa, kuma me ya sa?

4. Wata mota tana rasa lita ɗaya a yini. Kwali a bushe, murfi sabo, baƙin mai garau, babu farin hayaƙi, amma kafet ɗin gaba yana da danshi. Faɗi inda kake zargi da yadda za ka tabbatar kafin ka ɗauki sifana.